Tagar Hawa na Uku

Gardama ce halin Kumfa, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. Da bakinsa yake gaya wa duk wanda zai yi aiki da shi cewa in yana son a wuni lafiya, to ya yarda da abin da ya ji tun da safe. Matarsa ta ce a shekara talatin da ɗaya na aurensu sau ɗaya tak ya taɓa cewa ta yi gaskiya, shi ma da zazzaɓin ya sake shi ya janye maganar. Sunan ma a nan ya samo shi. Baƙi kan ɗauka kumfar sabulu ake nufi, tunda wankin gilashin tagogi ne sana'arsa. Waɗanda suka san shi sun san ta baki ce, wadda ke taruwa a gefen leɓensa in musu ya yi zafi.

Yana ɗan shekara ashirin ya fara, da bokiti da tsumma da wani tsanin katako mai ɗingishi. Gari ya yi ta tsawo, shi ma ya bi shi: ya koma tsanin ƙarfe, daga baya ya koyi sauka da igiya daga saman gini. A kan kayan aiki kuwa, gardamarsa ta yi rana. Kowace safiya sai ya bi igiya da yatsunsa daga kai har gindi, in ya ji wuri ɗaya ya yi gashi, ta gama aiki ke nan. Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu da cinya, da ƙugiyoyi, da hular kwano, da robar sharce ruwa, babu wanda bai yi rigima da mai shago a kansa ba kafin ya saya. Mai shagon har ɓuya yake yi bayan kanta in ya hango shi. Shekara talatin da wani abu, ko yatsa ba a taɓa karyewa a aikinsa ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Abokin aikinsa ƙanensa ne, Auta, mutum ɗan hamsin mai furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, amma har yanzu Auta. Magana ba ta dame shi ba. Abin da ya iya shi ne "haka ne, Yaya", kuma da wannan kalma ya yi shekara ashirin da shida a gefen Kumfa, alhali babu wani da ya taɓa cika wata uku.

Da masu manyan gine-gine suka fara cewa ba mai taɓa musu taga sai da takardar inshora, wani wakilin kamfani ya zo bakin famfon da masu wankin gilashi ke cika bokitai da safe. Kumfa ya yi mako biyu yana rantsuwa damfara ce. A mako na uku ya shiga, ya kuma fara musu cewa shi ne ya fara ganin amfaninta. Ya zaɓi wadda ta tsaya a hawa uku, don shi da Auta ba sa wuce nan. Wakilin ya juya takardar zuwa shafin baya mai ƙananan rubutu, ya fara bayanin yadda kamfaninsu ke ƙirga hawa. Kumfa ya tare shi, ya ce tun ba a yaye wakilin ba shi yake hawa gini, ba ɗan ofis ne zai koya masa ɗaya, biyu, uku ba. Aka yi dariya, wakilin ma ya yi, ya miƙa masa biro.

A wurin masu wannan sana'a, ƙasa ba hawa ba ce. Hawa shi ne inda ƙafa ta bar ƙasa. Tagogin ƙasa, na shaguna da ƙofofin shiga, ba sa ma lissafa su cikin aiki. Gyara ne, in an gama na sama a goge su a wuce, don mai gini ya sake kira.

Wata Talata da hantsi suna aiki a wani ginin ofisoshi mai jerin tagogi huɗu, da kantin magani a ƙasa. Auta na kan igiya a jerin ƙarshe na can sama, Kumfa na ƙasa yana korar masu wucewa daga inda ruwa ke ɗiga. Igiyoyin biyu, ta aiki da ta tsaro, duk a zoben ƙarfe ɗaya suke ɗaure a saman ginin, don shi kaɗai ne a wannan ɓangaren, kuma shekara tara suna amfani da shi. Igiya ba ta tsinke ba. Zoben ne ya fito daga bango da guntun siminti a jikinsa. Rumfar kwanon kantin magani ce ta tare Auta, ta bar masa ransa, ta karya masa ƙafar dama gida uku, ƙashi ya huda fata.

A asibiti suka wanke, suka ɗaure. Likita ya ja Kumfa gefe ya ce wannan karaya ta fi ƙarfinsu, sai asibitin ƙashi, inda za a yi aiki a sa ƙarafa, kuma can ba sa karɓar irin wannan sai da wasiƙar kamfanin inshora. Ya ce mako ɗaya suke da shi, wataƙila ma bai kai ba, in ciwon ya ruɓe ba sauran zancen gyara. Karo na farko a tarihi Kumfa bai yi wa mutum musu ba. Ya taɓa aljihun da takardar ke ciki, ya gaya wa matar Auta ta kwantar da hankalinta, ai don irin wannan rana aka yi ta.

Ranar Alhamis kamfani ya turo ma'aikaciyarsa ta ga wurin, wata mace da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Ta tsaya a tsallaken titi ta ɗaga kai, tana nuna jerin tagogin da biro, leɓenta na motsi. Sai ta tambaye shi daga wace taga ƙanensa ya faɗo. Ya ce hawa na uku. Ta nuna jeri na uku daga ƙasa ta ce wato waccan. Ya ce a'a, ta samanta.

Ta rufe littafinta, ta rage murya.

"Baba, ka duba da kyau. Ranar hankalinka a tashe yake, kowa zai iya ruɗewa. Ban rubuta komai ba tukuna."

Ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, wannan tsakaninta da aikinta ne. Amma ƙofa ta buɗe masa, ko makaho ya ji iskar. Shi kuwa abin da kunnensa ya ji shi ne yarinya ƙarama ta ce ya ruɗe.

"Ni zan ruɗe, 'yar nan? Ni na ɗaura masa bel da hannuna. Ɗaga kanki ki gani, ga ta can rabi wankakke rabi da datti, ko ita ma ruɗewa ta yi?"

Ta sake cewa ya yi tunani. Ya shiga kanti ya fito da mai maganin, ya sa shi ya nuna tagar da yatsa. Ya kira mai gadi shi ma ya nuna. Kumfa ta taru a bakinsa. Ya ce sai ta rubuta a gabansa, ta karanta masa, kada a je ofis a sauya masa magana. Ta rubuta, ta karanta, ya sa hannu, shaidu biyu suka sa. Ya koma asibiti yana ba Auta labarin yadda ya gyara wa 'yar boko lissafi.

Wasiƙar ta zo ranar Asabar, layi huɗu. Kamfani na jajanta masa, amma hatsarin ya faru a hawa na huɗu. 'Yarsa ta ɗauko takardar inshorar ta juya bayanta, ta bi ƙananan rubutun da yatsa har ta samo wurin: a ƙirgar kamfani, ƙasa ita ce hawa na ɗaya. Ta karanta masa sau biyu. Kumfa ya tashi ya fita ba hula.

Lahadi ofishin kamfanin a rufe. Ya je ya tsaya a ƙofar duk da haka. Litinin tun kafin masu shara su gama yana kan benci. Manajan ya saurare shi da haƙuri. Kumfa ya zana gini a bayan ambulan, ya tambaye shi in mutum ya shiga kanti daga titi, me ya hau? Ya kira masinjan ofishin ya ce ya faɗi tsakaninsa da Allah hawa nawa ne ginin da suke ciki, masinja ya ƙirga irin ƙirgar Kumfa. Manajan ya ce gaskiya ne, a titi kowa haka yake faɗa, shi ma a gidansu haka suke faɗa. Sannan ya ɗora yatsa a kan sa hannun Kumfa a ƙasan shafin baya. A rayuwarsa bai taɓa cin musu fes irin na ranar ba, kuma ya fito hannu wofi.

A matakala ya ci karo da ma'aikaciyar. Ya tare ta.

"'Yar nan, na tuna yanzu. Ta ƙasan ce. Tsufa ne, kin san ido."

"Baba, ka sa hannu, ka kawo shaidu biyu. Takardar ta wuce sama tun ranar."

Dattijo mai jika uku ya durƙusa a kan matakala ya kama bakin jakarta. Ta ce don Allah ya tashi, mutane na kallo. Ya ce su kalla. Sai da mai gadi ya ɗaga shi.

Daga nan ya bi duk ƙofar da ya sani. Ofishin mai ginin ya je sau uku, sau uku ana cewa ya yi tafiya, kuma a zuwa na uku ya ga an riga an shafe ramin zoben da sabon siminti. Ya kwashi kayan aikinsa ya kai kasuwa. Tsani ya samu mai saye, amma bel da igiya kowa ya ji labarinsu, ba wanda ya ko taɓa. Asibitin ƙashi suka ce ba su ƙi ba, ya kawo wasiƙa. Abokan sana'a suka haɗa abin da suka iya, bai kai ko'ina ba. Kullum da la'asar ya dawo ɗakin marasa lafiya, kullum warin da ke tashi daga bandejin ya fi na jiya, har na gadon kusa ya roƙi a matsar da shi.

Matar Auta ta daina gaishe shi. Ba ta zage shi ba, in ya shigo sai ta ɗauki kwano ta fita wanki, ko da kwanon wankakke ne. Da ya zauna a bakin gado ya fara kame-kamen bayani, Auta, jikinsa zafi kamar garwashi, ya buɗe ido ya ce, "Ai hawa na uku ne, Yaya. Haka ne." Kumfa ya so a ce marinsa ya yi.

Kwana na tara aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Masu cewa wahala na gyara hali ba su zauna da Kumfa ba. Wata biyu bayan haka yana musu da mai ƙera sandunan guragu a kan tsawon sanda, yana musu da matarsa a kan ranar da aka sallamo su. Abu ɗaya ne ya daina: in aka zo ƙirga hawa, sai ya yi shiru ya duba igiyarsa.

Auta ya warke, ya zauna a gida. Mutumin da ya saba wuni a sama yana kallon kan motoci, yanzu duniyarsa daga tabarma zuwa bakin ƙofa. Yara huɗu na makaranta, matar na wankau. Kumfa na kai musu rabin abin da ya samu, Auta na karɓa yana kallon bango. Wata rana Kumfa ya same shi ya jingina da sanda ɗaya, yana goge ƙaramar tagar ɗakinsu da tsumma, ya goge ta ya sake gogewa, alhali ba ta da ko ƙura.

Kumfa ya koma gida ya ɗauko doguwar sandar aiki, ya rage mata tsawo yadda hannu ɗaya zai iya sarrafa ta, ya sa mata sabuwar roba. Ya kai wa maƙeri tsohon keken jikarsa aka cire tayoyin aka sa wa bokiti, aka haɗa masa kujera mai naɗewa. Kayan aiki sun samu. Saura tagogi, su kuwa kowace a garin da mai ita.

Da safe ya je bakin famfo. Mutum goma sha ɗaya ne ke cika bokitai, kuma babu ɗaya a cikinsu da bai taɓa ƙaryatawa a bainar jama'a ba. Wani dogo da suka yi shekara shida ba sa ga maciji a kan wane sabulu ne ba ya barin zane ya ce a matsa, ga alƙali ya iso. Kumfa ya wuce gaban famfon. Ya san abin da zai nema ba ƙarami ba ne, don da gyaran nan kowa ke riƙe masu gininsa, kuma sai kowannensu ya je ya yi wa mai gini bayanin dalilin da abin da ake yi kyauta zai koma na biya. Ya ajiye bokitinsa, ya jira famfon ya yi shiru.

"Ba taimako na zo nema ba, kun riga kun yi. Tagogin ƙasa nake roƙo. Duk ginin da kuke wankewa, ku yi na sama ku sauko ku wuce, ku ce wa mai ginin akwai mai zuwa, yana da sanda, yana da jinkiri, amma ba ya barin zane. In laifina ne zai hana ku, ku faɗa mini a nan, kowa ya faɗi nasa, zan tsaya in ji. Amma ku bar wa Auta na ƙasa."