Butar Fas da Hajiya Barira ba ta gama tayawa ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha uku ga Sha'aban, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran kakata Hajiya Barira a wani asibiti a nan Kuala Lumpur. Washegari muka binne ta a ƙasar da ba tata ba.

Hajiya, ni ne Khalifa, mijin naki da kike cewa bai taɓa yin cefane ba. Ni ne mai ɓoye miki tabarau, mai kiran wayar shagonki na titin Jalan Masjid India da muryar mata ina neman ragi, sai kin gama rantse-rantse in fashe da dariya. Yau babu wanda zan tsokana.

Daga makarantar allo kika ɗauko ni, kika ce in ban iya boko ba ai na iya ɗaukar kaya. Duk shekara muna zuwa Moroko saro jallabiya, takalman fata da fitilun tagulla. Ranar farko a kasuwar Fas na buɗe baki da Larabcin allo, 'yan kasuwa suka yi ta dariya, wai liman ya zo sayen takalmi. Ke kuwa ba Larabci, sai yatsu da taɓe baki. Kika koya mini cewa ba a yabon kaya a gaban mai shi, ba a ƙin shayinsa, kuma in za a tafi a tafi a hankali, don ya samu damar kira.

Akwai wata butar shayi ta jan ƙarfe a rumfar wani tsohon maƙeri, Sidi Allal. Shekara da shekaru kina taya ta. Ku sha shayin na'ana'a, ki taya, ya ce "albarka", kalmar da ke kika koya masa, ki tashi, ya kira ki, ki dawo, a rabu ba a daidaita ba. Ina ce miki rowa ce. Ki ce yaro bai san ciniki ba.

Bana ciwo ya kwantar da ke, na tafi ni kaɗai. Na ƙudura sai na kawo miki butar nan tun kina iya ganinta, in kuma yi miki gori cewa abin da ya gagare ki na gama shi a zama ɗaya. Ban taya ba, na ce ya faɗi kuɗinsa in biya. Tsohon ya dube ni, ya mayar da ita kan kanta.

"Cinikin Hajiya ne, bai ƙare ba. Ta zo da kanta."

Na roƙe shi, na gaya masa halin da kike ciki. Ya ce shi ya sa ma ba zai sayar ba, a bar miki abin da za ki dawo dominsa. Na fito ina jin haushinsa.

Da na ba ki labari a gadon asibiti, kika yi dariyar da ta sa ki tari, kika ce da ya sayar mini da kin daina gaishe shi. Dariyarki ta ƙarshe da na gani ke nan.

Bayan sadakar uku na kira Sidi Allal a waya na faɗa masa. Sai ya amsa mini da Hausar da ban san kin koya masa ba:

"Na sallama. Yadda ta taya."

Hajiya, kin ci ciniki. Butar tana hanya, ban san wa zai zuba mana shayi a cikinta ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sa wannan baƙuwar ƙasa ta yi miki sauƙin kwanciya, Ya shayar da ke daga Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga Gwaggo Ramatu da su Raudatu a unguwar Sri Petaling, da dangi na gida Kano. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.