Shirun Wayata da Hanyar Gwada

Mama doya take sarowa a Gwada ta kawo Minna ta sayar. Duk ranar kasuwa, da ta idar da sallar asuba, sai ta leƙo ɗakina.

"Ke 'yar boko, me wayarki ta ce?"

Ni na jawo wa kaina wannan aikin. Akwai wata manhaja da na saka, wadda ke tattaro labarai daga shafukan da mutum ya zaɓa ta jera masa wuri guda, ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya data na ƙonewa ba. Na ware ɓangare guda na sa masa suna Hanyar Mama. Shafi ɗaya ne kawai a ciki, na wasu matasa masu kawo labaran ƙauyukan Shiroro, yankin da Gwada take, tun kafin manyan jaridu su ji. In sun saka sabon abu, lamba za ta fito a gefen sunan. In babu lamba, babu labari. Lokacin 'yan bindiga sun matsa wa yankin, rashin labari shi ne abin da muke roƙo.

Sai in buɗe ido ɗaya in duba.

"Shiru, Mama."

"To, alhamdulillahi."

Ta wuce ta buga wa Maman 'yan biyu ƙofa, maƙwabciyarmu ce a unguwar Fadikpe, tare suke zuwa. Ina jin Maman 'yan biyun ta taga tana cewa, "Bokanyarmu ta ce mu tafi?" Su kwashe da dariya, ni kuma in koma barcina.

Sati ya bi sati ba lamba. Har na fara ce wa mutane ai abubuwa sun lafa.

Ranar da abin ya faru ina shagon buga takardu inda nake aiki, wajen sha ɗaya na safe. Wani mutum ya kawo takardu, waya maƙale a kunnensa. Ina jera masa su na ji yana cewa, "Ku dai kar ku hau titi. Motocin Gwada duk juyowa suke."

Na ce, "Baba, wace Gwadar?"

Ya dube ni. "Gwada nawa kika sani? Tun jiya ake cewa an ga mutanen nan a kan babura ta wajen."

Tun jiya. Na zaro waya. Hanyar Mama, babu lamba. Na ja allon ƙasa don ta sabunta, babu. Sai na danna kan sunan shafin kansa, abin da ban taɓa yi ba. Wata 'yar alama ja na gefe, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero, da rubutu a ƙasa cewa an kasa samo shafin. Labarin ƙarshe da ya shigo ya kai sati biyar.

Na nemi shafin da kaina a intanet. Ashe adireshi suka canza. Labarai ga su nan jibge, duk ban gani ba. Wanda ke sama na jiya da yamma ne, suna jan kunnen masu bin hanyar.

Na kira Mama, ba ta shiga. Na kira Maman 'yan biyu, ba ta shiga. Na san sabis ɗin can ba shi da tabbas, kullum haka yake, amma ranar na kasa yarda. Na bar mutumin da takardunsa, na tare ɗan acaɓa sai tasha.

A tasha kowa da nasa labarin. Wani ya ce an tare hanya, wani ya ce jita-jita ce ta watsa kasuwar. Duk motar da ta shigo sai in ruga in leƙa fuskoki. Wani direba ya ce, "Ƙanwata, ki matsa kar in taka ki. Wa kike nema?"

"Mamana. Mai doya, da shuɗin mayafi."

"Masu doya ai sun fi a ƙirga. Ki yi ta addu'a."

Addu'ar ma ta ƙi haɗuwa a bakina. Abin da nake ji kawai muryata ce, cikin magagin barci, tana cewa shiru, Mama. Ko tashi zaune ban yi ba da na faɗa.

Sai bayan la'asar wata motar kaya ta shigo, mata cunkushe a baya, ba doya ko ɗaya. Maman 'yan biyu na fara hangowa, takalmi ƙafa ɗaya. Mama na bayanta. Wai suna cikin ciniki aka fara gudu, ba su ga kowa ba, ƙara dai suka ji daga nesa. Wani gida suka faɗa suka laɓe har aka samu mota.

A gida na ba ta ruwa, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama.

"Tun yaushe ta lalace?"

"Sati biyar, Mama."

"Sati biyar ina hawa hanya a kan shirun wayarki."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma zagina ta yi.

Na gyara adireshin, na ƙara wasu shafukan. Mama ta yi sati biyu a gida, a na uku ta ce ba za mu ci zama ba. Da asuba ta leƙo kamar yadda ta saba. Ina zaune da hijabina, na riga na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya.

"Me ta ce?"

"Ba lamba, Mama. Amma ni ban san ko hanya lafiya ba."

Na bi ta har tasha. Na tsaya sai da direban farko ya shigo daga can, na tambaye shi lafiyar hanya da bakina, sannan na saki gefen mayafinta. Motar ta tashi, na koma shago. Har azahar ina ta jan allon nan ƙasa, babu lamba.