Wutar da Na Kunna wa Muryar Yayana

Akwai abin da ko na so in manta, ba zai bar ni ba. Ƙarfe goma da kwata na safe ne, wata Laraba cikin rani, a shekarun tamanin, a wurin lodin tumatir na bakin hanyar Kura. Waɗanda ke wurin su ne ni, da yayana, da wani mai gurza kaset, da direbobi huɗu masu jiran a cika musu mota.

Yayana makaɗin kukuma ne, waƙar manoma yake yi. Ni ke kula da harkarsa, domin ni ne na yi firamare a gidanmu. Mun je Kano an ɗauki muryarsa, aka buga kaset na asali mai hotonsa, ina sayarwa a kasuwar Bunkure. A lokacin duk gonar da ka wuce a bakin kanal ɗin ban ruwa za ka ga rikoda rataye a sanda, masu tsinkar tumatir na aiki, muryar yayana na tashi. Sai dai yawancin kaset ɗin ba daga hannuna suka fita ba. Mai gurza kaset ɗin nan ne ke haɗa rikoda biyu yana kwafa, yana ba direbobi a araha.

Na bi tsari. Da farko na aika masa gargaɗi. Na biyu, na kai ƙararsa wurin shugaban masu lodi. Na uku, da bai daina ba, na tafi da kaina.

A hanya yayana ya roƙe ni in ƙyale shi. Ya ce direbobin nan ne ke yawo da waƙarsa, ta dalilinsu ake gayyatarsa biki a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Na ce masa sata sata ce. Har yau ban janye wannan magana ba, amma ban saurari tasa ba.

Da muka isa, na jawo kwalin kaset ɗin da ya gurza tsakiyar fili, na zuba kananzir, na ƙyasta ashana. Mai gurzawa bai yi faɗa ba. Ya dubi yayana ya ce, "Maigida, a gabanka aka yi. Daga yau muryarka ba za ta ƙara shiga rikodata ba."

Wani direba ya je motarsa ya zaro nasa, ya jefa cikin wutar. Ya ce da ni, "Ga naka nan, Malam mai doka, kada gobe a ce da mu ɓarayi."

Akwai wani makaɗi daga wajen Kumbotso, bai kai yayana murya ba. Shi da ƙafarsa yake kai kaset ɗinsa a gurza. Kafin rani biyu, shi ake ji a mota, shi ake ji a gona. Mutum kuwa abin da kunnensa ya saba da shi yake nema. Masu biki suka koma kiransa, kuma da ya buga nasa na asali, mutanen da suka san shi a kwafi suka yi ta saye. Namu ya zauna a shago, zafi da damshi suka cinye shi.

Yayana ya rataye kukuma ya koma noman shinkafa. Har ya rasu bai taɓa ɗora min laifi ba, wannan ya fi zagi ciwo. Bara jikarsa ta tambaye ni yadda muryarsa take. Na buɗe akwati, na gwada kaset bakwai ɗaya bayan ɗaya. Duk zaren ya manne.

Abin da na koya shi ne, mutum kan yi gaskiya kuma ya yi ɓarna. Kafin ka toshe hanya, ka duba abin da take kawowa ƙofar gidanka.

Saboda haka ina roƙonka, mai karatu. Idan mahaifinka ya yi tuƙin motar tumatir a waɗannan shekaru, ka duba tsofaffin kayansa. In ka sami kaset marar hoto mai kukuma da waƙar manoma, ka kawo shi kasuwar Bunkure, ka tambayi ƙanin mai kukuma. Ba zan tambaye ka wanda ya gurza shi ba.