Mai Makulli da Mujiyar Bakin Kogi

Duk dangi an san Mai Makulli da abu ɗaya: bai yarda da kowa ba. An ce ranar da aka haife shi sai da ya ƙare wa ungozoma kallo sama da ƙasa kafin ya yarda ya yi kuka. In ka ce masa, "Ina kwana?" sai ya ce, "Wa ya aiko ka?" Shagonsa yana bakin tasha, ɗan ƙuƙut, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo. Injin yankan makulli na kan tebur, kwaɗuna a rataye har rufi, ƙasa duk garin ƙarfe. Tun yana saurayi yake buɗe wa mutane ƙofofin da makullinsu ya ɓace, kuma a nan ya kwaso ciwonsa, don a cewarsa, cikin mutum goma da ke rantsuwa cewa ƙofar gidansu ce, sha ɗaya ƙarya suke yi.

Mutum ɗaya ce ke iya sa shi murmushi, ita ce Auta, 'yarsa da ke aikin jinya a asibiti. Ita ce kuwa ta jawo masa tafiyar da har yau ake ba da labarinta. Wata rana da la'asar ta zauna kusa da uwarta, ta sunkuyar da kai, uwar ta yi mata baki: akwai wani yaro da ke son iyayensa su zo gaisuwa.

"Mene ne aikinsa?" in ji Mai Makulli.

"Jagora ne a gandun daji, Baba. Yana nuna wa baƙi tsuntsaye."

"Sayar musu yake yi?"

"A'a."

"Kama musu yake yi?"

"Nunawa kawai."

Ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Tsuntsun da ke yawo a sama, kowa ya ɗaga kai ya gani? Gobe kuma wani ya zo ya ce aikinsa nuna wa mutane rana. Wannan ko ɗan damfara ne, ko kuwa akwai abin da yake yi a dajin nan da ba ya faɗuwa. Kada wanda ya taka mini ƙofa sai na gani da idona."

Auta ba ta yi musu ba. Ta dai ce, "In ka ce a'a, Baba, shi ke nan, na bari. Amma kada a ƙara kawo mini zancen wani." Duk gidan an san in ta faɗi magana ba ta haɗiye ta, don ba a ƙasa ta tsinci taurin kan ba.

Ranar tafiya ya ari hular mai faci, mai faɗi kamar faifai, ya ɗora baƙin tabarau, wai don kada a gane shi. Matarsa ta dube shi ta ce, "Baban Auta, kai da hararka ke ratsa bango, wane tabarau ne zai rufa maka asiri?" Ya juya ya nufi shago. Ya kulle ƙofa, ya girgiza kwaɗon, ya yi nisa, ya dawo ya sake girgizawa.

A ƙofar gandun aka sa shi a wata buɗaɗɗiyar mota mai benci. Ban da direba, akwai wani dattijo siriri, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da madubin hangen nesa a wuya, sai kuma jagoran da kansa: dogon yaro, baƙi, sanye da kaki, muryarsa ƙasa-ƙasa. Mai Makulli ya ce a ransa, mai magana a hankali ai shi ne abin tsoro, ba ya son a sami shaida.

Ba su yi nisa ba jagora ya taɓa kafaɗar direba. Giwaye ne ke ƙetare hanya, manya da 'ya'yansu, ƙasa na amsawa. Dattijo ya yi salati. Mai Makulli kuwa ya leƙa yana duba ƙafafunsu.

"Me kake nema, Baba?" in ji jagora.

"Igiya."

"Ai ba a ɗaure su."

"To yaya aka yi suka san yanzu za mu wuce?"

Direba ya danne dariya har motar ta yi tangaɗi. Gaba kaɗan suka tarar da birai zaune a gefen hanya, wani ƙato ya ɗora hannu a gwiwa yana kallonsu. Mai Makulli ya ce wannan zama ba na dabba ba ne, na ma'aikaci ne da ke jiran a tashi aiki. Da suka iso wata fadama, jagora ya nuna musu gauraka biyu na taku cikin ciyawa, da zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, da carki a bayan ɓauna yana tsince mata kaska. Sannan ya haɗa leɓe ya yi wani fito, sai ga wani ɗan tsuntsu ya amsa daga cikin ƙaya, ya fito fili ya kaɗa wutsiya.

"Ka gani ko?" Mai Makulli ya raɗa wa dattijo. "Sun haɗa baki."

Dattijo bai ji shi ba, hankalinsa na wani wuri. A hanya ya ba su labarin abin da ya kawo shi. Akwai wata mujiya, ja, ƙatuwa, wadda ba ɓera take ci ba, kifi take kamawa a kogi, da rana kuma ta ɓuya cikin manyan itatuwa. Shekara da shekaru yana bin ta, gandu bayan gandu, bai taɓa sa ta a ido ba. Yanzu kuma idon ya fara hazo, likita ya ce ya yi kallon da zai yi tun da sauran haske.

Mai Makulli ya gyara zama. Ya ce a ransa, to ga kasuwa ta buɗe. Tsoho mai mataccen ido, da tsuntsun da babu wanda ya taɓa gani: ko tsohuwar kaza aka ɗora masa a reshe zai yi godiya. Yau zai kama yaron nan dumu-dumu.

Da rana ta take suka bar mota suka gangara bakin kogi a ƙafa. Inuwa ce mai duhu, ganye ya rufe sama, dorina na gurnani can tsakiyar ruwa. Jagora na tafe yana duba gindin kowace bishiya, sannan ya ɗaga kai. Mai Makulli na binsa a baya kamar inuwa, ƙaya na fizge masa hula. Can sai yaron ya tsaya cak, ya ɗaga hannu. Sama sosai, a jikin kututture, wani dunƙulen abu ne a zaune, ido a lumshe.

Dattijo ya ɗaga madubin ya kai ido. "Ita ce, ɗana? Ina ganin duhunta kawai. Ita ce?"

Jagora ya daɗe yana dubawa. Mai Makulli ya matso, ya kai baki kunnensa, ya ɗana tarkonsa. "Ka ce ita ce mana. Wa zai sani? Ni ban gani ba, ban ji ba."

Yaron bai ko waiwayo ba. Ya durƙusa gaban dattijo ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ita ba ce. Wannan toka-toka ce, ga tukkaye biyu a kanta kamar kunnuwa. Taka ja ce, kanta a mulmule."

Dattijo ya sauke madubin. Ya nemi wata saiwa ya zauna, ya cire tabaronsa yana gogewa da bakin riga, gogewar da ba ta ƙarewa. Abin mamaki, sai Mai Makulli ya ji zuciyarsa ta tafasa. Shi da ya ɗana tarko don ya kama maƙaryaci, yanzu haushin yaron yake ji don ya ƙi yin ƙarya. Ya ja shi gefe.

"Kai wane irin mutum ne? Kalma ɗaya fa! Da tsohon nan ya koma gida da farin ciki."

"Da ya koma, Baba, ya daina nema. Alhali tana nan, ban san reshen ba ne kawai."

"Ko kuwa babu ita kwata-kwata, ku kuka ƙirƙiro ta don mutane su yi ta zarya."

Jagora ya yi murmushi, ya ce su ƙara gaba. Haka suka yi ta bin bakin kogi har inuwa ta miƙe, wuyan kowa ya ƙage. Mai Makulli, wanda ya zo kama ɓarawo, shi ne ya fi kowa ɗaga kai. Ya cire baƙin tabarau ya cusa a aljihu don yana hana shi gani. Sau biyu yana ihu, "Ga ta!" Na farko gidan tururuwa ne, na biyu biri. Ba su gan ta ba. Abin da suka samu, a gindin wata babbar bishiya, shi ne ƙayoyin kifi a warwatse da gashi guda, ja mai ratsin baƙi. Jagora ya ɗora wa dattijo a tafin hannu. Tsohon ya shafa shi, ya kai shi dab da ido, ya ce, "To, ashe dai muna gari ɗaya." Sannan ya mayar da shi inda yake, don a gandu ba a fita da ko tsinke. Ya ce zai dawo.

A ƙofar fita, bayan dattijo ya shiga motarsa, Mai Makulli ya tare yaron. Wani tunani ne ya ciji shi tun a hanya.

"Tsaya. Ka san ni?"

"Na san ka, Baba. Auta ta kira ni da safe, ta ce kana tafe da hular mai faci."

Innalillahi! Ashe ɓarakar daga cikin gida take. Mai Makulli ya shiga lissafi. Ke nan duk gaskiyar da aka yi a bakin kogi, don idonsa aka yi ta? Amma kuma da maƙaryaci ne, ai cewa zai yi bai san shi ba, ya ci riba biyu. Sai dai in gwanin maƙaryata ne, wanda ya san faɗin gaskiya a nan shi zai fi ruɗa mutum. Ya bi wannan tunani ya zagaya, ya sake zagayowa, har kansa ya fara sarawa. A ƙarshe abin da ya tsaya masa shi ne durƙuson nan a gaban tsoho, da yadda muryar yaron ta karye lokacin da ya ce ba ita ba ce. Ya daɗe a duniya yana kallon fuskokin masu rantsuwa, bai taɓa ganin wanda ya ƙware har haka ba.

Ya yi gyaran murya, ya harari yaron daga sama har ƙasa.

"Ka ce wa babanka ya zo."

Jagora ya durƙusa zai yi godiya, Mai Makulli ya ɗaga masa yatsa.

"Amma ku zo tare, ku zauna kusa da juna, a cikin haske. Ina so in ga ko kun yi kama."