Hajjo da Gyaɗa Mai Ɗaci

Duk wanda ya ci kasuwar Gwarzo a zamanin da gyaɗa ke tashe ya san ƙuli-ƙulin Hajjo ta Gude. Ita ke matse mai ta soya, mijinta Jalo ya ɗora wa jaki ya kai kasuwa, yana tafe yana taunar ɓaraguzan. Kamar sauran mata masu wannan sana'a, gyaɗar da aka ƙi karɓa a sikeli ita take saye, don ta fi araha.

Wata shekara ruwa ya ƙi ɗaukewa har bayan an cire gyaɗa. Da aka ɓare, sai ga fumfuna, ga ɗaci. Hajjo ta watsa wa kajinta wadda ta fi lalacewa, kafin mako ya zagayo 'yan tsakinta sun ƙare. Ta bar abin a ranta.

Ba a jima ba Jalo ya kwanta. Idanunsa suka yi rawaya, ciki ya kumbura, ya daina cin tuwo. Aka sha jiƙe-jiƙen ciwon shawara har aka gaji. Da suka ji labarin wani likita daga Kano, Dokta Uwaisu, mai binciken ciwon hanta, yana zuwa ɗakin shan magani na Gwarzo ranar kasuwa, sai Hajjo da Bappa, yayan Jalo, suka kai shi.

Likita ya daɗe yana danna cikin. Sannan ya ce sai ya tsakuro ɗan abu daga hantar da allura, wanda bai kai tsinken ashana ba, ya duba a Kano.

Bappa ya miƙe tsaye. "Likita, ko rago sai an yanka shi ake taɓa hantarsa. Tashi mu tafi, Jalo."

Hajjo ba ta saba magana a gaban maza ba, amma ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, a yi mini afuwa." Ta ba da labarin 'yan tsakin. Ta ƙara da cewa gidaje uku ta sani a Gude da ke da mai irin wannan ciwo, kuma duk masu soya gyaɗar da sikeli ya ƙi ne.

Likita ya ajiye alƙalami. "Inna, akwai sauranta a gida?"

"Akwai rabin buhu."

Bappa ya dube ta. "Kin san abin da kike faɗi? Cewa kike abin da hannunki ya soya ne ya kayar da ɗan'uwana."

"Idan shi ne, gara in sani, Yaya. Har jiya na sayar wa mutane."

Can Jalo ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce, "A yi."

Likita ya gargaɗe su cewa idan mara lafiya ya motsa, jini zai iya ɓallewa a ciki. Bappa ya cije leɓe ya danne kafaɗun ƙaninsa, Hajjo ta riƙe ƙafafu.

Likita ya ce wa Jalo, "Fitar da numfashi. Riƙe!"

Allurar ta shige tsakanin haƙarƙari ta fito. Jalo ya sandare, gumi ya keto masa. Daga azahar har la'asar sakaliya likita bai saki wuyan hannunsa ba, Hajjo kuwa fuskar likitan kawai take kallo. Sai da ya ce, "Alhamdu lillahi," sannan ta zauna a ƙasa.

Bayan mako biyu likita ya zo Gude da kansa. Ya ce hantar ta lalace, kuma ya sami guba a fumfunar gyaɗar.

"Ba a sauya wa mutum wata?" in ji Jalo.

"A ƙasashen waje an fara gwadawa, Malam, amma abin bai nuna ba tukuna."

Jalo ya rasu kafin shuka. Bappa ya shekara bai amsa gaisuwar Hajjo ba. Ita kuwa ta ƙone ragowar buhun a bainar jama'a, ta riƙa bi gida-gida da faifai tana nuna wa mata yadda za su tsince mai fumfuna. Wasu suka ce takaba ce ta taɓa mata kai, wasu suka ɗauka.

Dokta Uwaisu ya rubuta binciken, ya koyar da shi, ɗalibansa suka yi ta zuwa Gude shekara da shekaru. Sukan zauna a tabarmarta su yi ta tambaya, ita kuma ta ɗebo gyaɗa ta zuba musu a hannu ta ce su fitar mata da maras kyau. Ta kai tsufa tana suya, sai da idonta ya daina rarrabe ƙwaya sannan ta bar wa 'yarta Asiya kaskon.