Randar Ƙofar Sito

Shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin kai na gama makaranta, na zauna a Tambuwal ba aikin fari. Sai wani attajirin gyaɗa a Kebbe, sanin babana, ya aiko yana neman malamin sikeli. Baba ya ce in je in gani, amma in sani, idan na amsa ba janyewa, don ba zai bari in kunyata shi ba.

Abin ya dame ni. Ni dai tun ina ƙarami ba na haɗiye wulaƙanci, Alhajin nan kuma an ce in ya daka tsawa har jakuna sai sun waiwayo.

Ina ɗaure kayana Inna ta ce, "Ɗana, kak ka dubi ruwan da anka ba ka, wannan na baƙo na. Dubi wanda masu aiki ka sha."

Na ce to, a raina ina cewa tsofaffi da neman magana.

Na isa a bayan motar kaya, rana ta take. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura mai sanyi a sabuwar ƙwarya. Ban kai ta baki ba na ji tsawar. Alhaji ne, gajere, fuska a murtuke, yana yi wa wani ɗan dako faɗa a kan buhun da ya yasar a hanya. Na fara shirya ƙaryar da zan kai wa Baba.

Maganar Inna ce ta tashe ni. Na ce zan kama ruwa, na zagaya ƙofar sito. Randa ɗaya ce a gindin ɗorawa, an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, an rufe da faifai. Na buɗe, ruwa garau. Wani tsoho mai ɗingishi yana gefe yana ɗinkin buhu.

Na ce, "Baba, ina randar Alhaji?"

Ya dube ni kamar na tambayi hanyar Makka. "Ita ta wagga. Bakinai ɗai na, ɗana. Ran da buhu yak karya min ƙafa, shi yak kai ni wurin maɗori, shina faɗa har munka iso."

Muna haka sai ga Alhaji, bai gama mita ba. Ɗan dakon nan ya riga shi ga moɗa. Alhaji ya tsaya, hannu a ƙugu, har mutumin ya sha ya ƙoshi, sannan ya karɓi moɗar ya sha, ko ɗaurayewa bai yi ba.

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Ya juyo ya harare ni. "Kai kuma, malam, mi kaka nema nan? Ba an kai ma fura ba?"

Na miƙa hannu na ce, "Alhaji, ta baƙo ce. A ba ni moɗar."