Tafin da Ya Bi Ƙwallo

Bara saura ƙiris a kore ni daga lise, wato babbar sakandare, kuma a kan ƙwallon ƙarfe wanda bai kai ƙwan zabo ba.

Na riga na maimaita aji sau ɗaya, a lisenmu kuwa ba a maimaita aji sau biyu, kora ce. Ga shekarar ta zo da yajin aiki kamar ruwan tsakiyar damina. Yau malamai, gobe ɗalibai, jibi malamai su fito goyon bayan ɗaliban da suka fito goyon bayan malamai. Jam'iyyu sun tsiro a Maraɗi har ina zargin mai shayin bakin tasha ma yana da tasa. Kullum in taka keke daga Tsibiri, in tarar da ƙofa a rufe, in juya. Da zango ya zo ƙarshe ba ni da maki ko ɗaya a darasin kimiyya na fizik, kuma fizik ɗin ce za ta raba ni da kora ko ta haɗa mu.

Malaminmu na fizik, da muke kira Mushe, wato malam da Faransanci, ya ce ranar Talata zai buɗe labo, ɗakin gwaje-gwaje, mu yi gwaji guda, abin da kowace ƙungiya ta samu shi ne makinta. Ranar ce kuma ɗaliban gari suka sa za su yi macin zanga-zanga, masu maci kuwa ba sa wuce makaranta sai sun fitar da na ciki da jifa a kan kwano.

Da aka buɗe labon, ƙadangarun ciki suka dube mu kamar mun shigo ba sallama. Mushe ya jawo dogon katako mai kwari a tsakiya, ya ɗora kansa a kan tubali, ya fito da ƙwallon daga aljihu. Ya ce ƙwallo in yana gangarowa gudunsa ƙaruwa yake yi, wannan ƙaruwar za mu auna. Sai dai agogon awon gudu na labon ya daɗe da rasuwa, tsatsa ta yi masa sutura.

Ƙungiyarmu mutum uku ce: ni, da wata 'yar Jiratawa, da ɗan wani Alhaji na Sabon Gari mai agogon zinari. Muka ce ya ciro agogon. Ya ce a hankali, "Na ado ne."

Mushe ya ce ba komai, agogon hannu dama ba ya kama gudun ƙwallo, da tafi za a yi. Ɗaya ya saki ƙwallo, ɗaya ya riƙa tafi daidai wa daida, ɗaya ya sa alli a gefen katako inda ƙwallon yake a kowane tafi. In tazarar da ke tsakanin alamun tana faɗaɗa, gudu na ƙaruwa ke nan, sauran kuma lissafi ne.

Sauran ƙungiyoyi suka riga mu. Da rula suka yi ta buga tebur, kiɗa marar gishiri, suka samu lambobinsu suka koma gefe. Ni dariya nake yi musu, don 'yar Jiratawa tamu ce. A dandalin garinsu in tana tafin gaɗa, an ce har tsofaffi masu sanda suna jefar da sandar.

Na riƙe ƙwallo a kan katako. Sakin jarumi haka shiru bai dace ba, sai na yi masa kirari kamar ɗan kokowa. "Gangaro, na ƙarƙashin babbar mota! Ɗan ƙarfe ba ka san tsoron kwalta ba!" Na sake shi. Tafi ya tashi, aji duka ya kama, ɗan Alhaji na bin katako da alli yana tsalle. Labon bai taɓa ganin biki irin wannan ba.

Muka aza rula. Tazarar farko da ta biyu daidai suke, ta uku ma haka, ta ƙarshe har ta ɗan tsuke.

Mushe ya duba, ya cire tabarau, ya mayar. "To madalla. Kai Bagobiri, a Tsibiri abu in ya gangaro gajiya yake yi?"

"Mushe, wata ƙila azumi yake."

"Da wanga sakamako, sifiri ne. Ku sake, ba kirari."

Muka sake, kowa ya yi tsit, alamun suka sake fitowa jere kamar shukar igiya. A lokacin ne muka fara jin waƙar masu maci daga wajen babbar hanya. Na yi kamar ban ji ba, ni ba matsoraci ba ne.

A karo na uku na bar kallon ƙwallo, na kalli mai tafi. Idonta na kan ƙwallon, kafaɗunta na binsa. Yana ƙara gudu tana ƙara sauri. Ai haka ake yi a gaɗa, mai tafi ƙafar mai rawa take bi, in ta zabura a zabura da ita.

Na ce, "Ke, ba rawa yake yi ba! Ki daina binsa."

Ta riƙe ƙugu. "In bar shi ya wuce ni? Ni ban taɓa sakin mai rawa a tsakiyar fili ba. Abin kunya ne."

"To juya ki kalli bango."

"Don mi? Laifin mi na yi?"

"Don Allah, yayata. Ki sa a ranki daka kike yi. Ba dakan biki ba, dakan hatsin maƙwabta, wanda aka sa ki dole."

Ta harare ni, amma ta juya. Tafin da ya fito a gajiye yake, ba daɗi, ba rai, kowane kamar na bayansa. Mushe ya ɗaga hannu yana ƙirga shi da nasa agogon, don mu san tsawon kowane tafi, ya gyaɗa kai.

Sai waƙar maci ta iso bakin ƙofar lise, na ji tafin ya fara karkata wajenta. Yarinyar nan ko kukan jaki ta ji sai ta nemo masa tafi. Na yi wa wata ƙawarta da ke gefe ihu ta zo ta toshe mata kunnuwa da hannu biyu. Dutsen farko ya faɗo a kan kwano, na saki ƙwallo.

Ɗan Alhaji, wanda a gidansu ko buta ba ya ɗauka da kansa, ya bi katakon nan da rarrafe, farar shaddarsa tana sharar ƙasa. Da ya ɗago muka leƙa. Tazarar farko 'yar ƙarama, ta biyu ta ninka ta wajen sau uku, ta gaba ta fi, ta ƙarshe sai da ya miƙe hannu. Ko makaho ya shafa zai san ƙwallon nan ƙara gudu yake yi.

Lissafin a ƙarƙashin tebur na yi shi, jifa na sauka a sama kamar ƙanƙara. 'Yar Jiratawa kuwa tana can tana tafa wa bango, don an manta a sake mata kunne.

Muka fito cikin turmutsitsi. Na cim ma Mushe a bakin ƙofa yana tura babur ɗinsa, na tare gaba. Ya aza takardar a kan tankin mai, ya bi lissafin da jan biro, mutane na bangaje shi ta kowane gefe. Ya rubuta goma sha biyu bisa ashirin. Goma nake nema.

"Mushe, ba ƙari don wahalar kunne?" in ji 'yar Jiratawa.

"Ku ɓace mini da gani."

Muka ɓace cikin macin. Ban san abin da ake nema ranar ba, amma duk Maraɗi ba wanda ya fi ni ɗaga murya.